Yadda Gida Zai Shirya wa Babbar Annoba: Aikinka, Aikin Gwamnati da Aikin Soja

Tun bayan kullen korona ake aiko mana da tambaya iri ɗaya, kuma ta ƙaru lokacin da mashaƙo ya addabi Kano a 2023: idan wata annoba ta zo wadda ta fi waccan kisa, me magidanci zai tanada, nawa zai tanada, da me kuma zai fara? Wasu kan ce ina ruwan talaka, ai aikin gwamnati ne. Gaskiya ne akwai aikin da gwamnati ce kaɗai za ta iya, za mu zo kansa. Amma a duba lissafin nan. An samu mai korona na farko a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, allurar rigakafi ba ta sauka Abuja ba sai 2 ga Maris 2021. Kayan abincin da aka tara don rabon tallafi kuwa, da yawansu suna kulle a rumbunan ajiya har Oktoban 2020, lokacin da jama'a suka fasa su. Saboda haka duk shirin da ke ƙasa an gina shi ne a kan abu ɗaya: gidanka ya iya riƙe kansa kwana 30 ba tare da kasuwa, ba tare da tallafi ba.

Mataki na 1: Ƙirga mutanen gida

Kafin ka sayi ko ƙwayar gero, samo littafi ka rubuta sunan duk wanda ke ci daga tukunyar gidan, har da almajirin gida, mai aiki, da tsohuwar da ake kai wa kwano a maƙwabta. A gaban kowane suna rubuta shekaru, ciwon da yake fama da shi, da maganin da yake sha kullum. Ja layi ƙarƙashin tsofaffi, masu juna biyu, jarirai, masu ciwon suga, hawan jini, asma, sikila da ciwon ƙoda. Su za a fi tsarewa.

A zaman nan kuma za a fitar da mutum biyu: mai jinya, da mai fita. Mai jinya ya zama baligi mai lafiya, ba mai ciki ba, ba mai shayarwa ba. Mai fita shi kaɗai zai riƙa zuwa kasuwa da kemis. A zaɓi na uku da zai maye gurbi idan ɗayansu ya kwanta.

Gargaɗi: kada maigida ya riƙe komai a kansa shi kaɗai. Uwargida ta san inda kuɗi da takardun asibiti suke, ta san wanda ake bi bashi da wanda ke bin gidan. Maigida shi ya fi yawo, sau da yawa shi cuta ke fara kayarwa.

Mataki na 2: Ruwa

Ma'aunin da masu aikin agaji ke amfani da shi shi ne lita 15 ga mutum ɗaya a rana, don sha, girki da tsabta. Gida mai mutum 8 yana buƙatar lita 120 ke nan, wato jarka biyar mai cin lita 25. Ba wanda zai iya ajiye ruwan wata guda a gidan haya, don haka a ajiye na kwana uku, duro biyu masu murfi sun kusa isa, sannan a tanadi hanyar tsabtace duk ruwan da aka samo daga baya.

Hanya biyu ce. Ko a tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin ruwa irin su WaterGuard ko Aquatabs, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a jira minti 30 kafin a sha. Idan ruwan ya yi gurɓi, a bar shi ya kwanta ko a tace da tsumma mai tsabta tukuna, domin maganin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka. A lokacin annoba tafasawa tana cin gawayin da ake lallaɓawa, shi ya sa maganin ya fi sauƙi.

Gargaɗi: yawancin ruwa a cikin gida yake lalacewa. Randa a buɗe, moɗa ɗaya kowa na tsomawa da hannunsa, shi ke nan an gama. A sa wa randa murfi da moɗa mai dogon hannu da ba a sha da ita, ko a koma bokiti mai famfo. Ka kuma yi magana da mai garuwarku tun yanzu, ka riƙe lambarsa, ka san rijiyar burtsatse mafi kusa da ke aiki da hasken rana, don mai janareta zai tsaya ranar da mai ya yanke.

Mataki na 3: Abinci da abin dafa shi

Lissafin rabon agaji na mutum ɗaya a rana ya kai kimanin giram 400 na hatsi, giram 60 na wake, giram 25 na mai, da ɗan gishiri. Ga gida mai mutum 8 a kwana 30, wannan ya zama kusan buhu ɗaya mai kilo 100 na hatsi, wake kilo 15, mai lita 6 zuwa 7. Kwano ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka ka tambayi mai awo kwano nawa ke cika buhu a wurinsu, ka yi lissafinka da shi. Idan gidan ya fi yawan yara ƙanana, lissafin zai bar rara, kada a rage shi.

Kada buhun ya zama abu ɗaya. Raba shi tsakanin masara ko dawa, gero da shinkafa. Gero dole ne, domin majinyacin da ya ƙi tuwo zai karɓi kunu. Ƙara da kayan miyar da ba sa lalacewa: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, busasshen tumatir da tattasai, barkono, busasshen zogale, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, busasshen kifi. Sukari da gishiri a ware musu na daban wanda ba za a taɓa ba, na haɗa ruwan gishiri da sukari ne. Garin kwaki yana da ranarsa, don ba ya buƙatar wuta.

A niƙa na mako biyu kawai, sauran a bar shi tsaba, gari ya fi saurin yin ƙwari da ɗaci. Amma a tabbata akwai turmi da taɓarya a gida, saboda mai inji ma yana cikin kulle.

Wake da masara a zuba su a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ake ɗaurewa iska ba ta shiga, ko a jarka busasshiya a cika ta fal a toshe. Ƙwaro yana mutuwa da kansa idan ba iska. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango.

Gargaɗi: kada a zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi a cikin wake, kada kuma a sa ƙwayar maganin rumbu a ɗakin da ake kwana, hayaƙinta yana kisa. Hatsi kuma yana jawo ɓera, ɓera kuwa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa a fitsarinsa da kashinsa. Duk abin da aka niƙa a rufe shi a roba mai murfi.

Mutane kan cika ɗaki da abinci su manta da wuta. Auna gawayi, itace ko gas ɗin da gidan ke ci a mako, ka ninka sau huɗu. A sa ashana, batir, fitila mai caji da hasken rana, da ƙaramar rediyo.

Mataki na 4: Kuɗin shirin

Farashi yana sauyawa kowane mako, duk lambar da aka rubuta yau gobe ta zama ƙarya. Abin da ba ya sauyawa shi ne tsarin kashewa: abinci zai cinye mafi yawan kuɗin, sai makamashi, sai magani. Kayan tsabta da na jinya su ne mafi araha a yau, su ne kuma ke fara tsada da ɓacewa ranar da aka yi sanarwa. Wanda ya nemi takunkumi ko man tsabtace hannu a Maris 2020 ya san haka. Don haka da su za a fara, ko da kuɗin kaɗan ne.

Mai albashi ya raba sayayyar wata uku ko huɗu. Mai neman na yau da kullum ya ƙara kwano ɗaya a kan awon mako, ya ajiye gefe. Hatsi a saya da kaka. Mata masu adashi su sa kwasa ɗaya a wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A ajiye tsabar kuɗi a gida, ƙananan takardu, waɗanda za su isa kuɗin mota zuwa asibiti, kati da maganin kwana biyu. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna cewa kuɗin da ke banki ba kullum ake iya taɓa su ba, kuma mai POS yana ƙara lada daidai lokacin da aka matsu.

Abin da aka tanada a riƙa ci ana mayarwa, tsoho a gaba, sabo a baya. Tanadin da aka kulle aka manta da shi na ƙwari ne.

Mataki na 5: Akwatin magani

Fara da masu shan magani kullum. Je wurin likitansu ka nemi a rubuta na wata biyu. Masu karɓar maganin tarin fuka ko na cuta mai karya garkuwar jiki su tambayi asibitinsu tun yanzu yadda ake bayarwa idan an hana fita. Allurar insulin, in babu firji, a sa ta a leda a rataye cikin randa mai sanyi, kada ta sha rana. Katin rigakafin yara a duba shi yau, duk allurar da aka tsallake a je a cike. Yawancin yaran da mashaƙo ya kashe ba su kammala rigakafi ba, kuma kyauta ake yi a asibitin sha-ka-tafi.

Sannan a sa waɗannan: farasitamol na manya da na yara, fakitin ORS (garin haɗa ruwan gishiri da sukari na masu gudawa) kamar 20, ƙwayar zinc, kayan gwajin maleriya da maganinta, ma'aunin zafin jiki, sabulu mai yawa, bilic, safar hannu ta asibiti kwali ɗaya da ta roba mai kauri guda biyu, takunkumi, ledojin shara, bokiti biyu, fo, da audugar mata. In da hali, a sayi na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan iskar da ke cikin jini. Gida huɗu ko biyar suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya.

Idan ORS ya ƙare: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abin da ya kwana a zubar, a haɗa sabo. Yaro mai gudawa a ba shi zinc kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 a rana, jaririn da bai kai wata shida ba rabin haka, kuma kada a daina ba shi nono.

Gargaɗi: babba kada ya wuce giram 4 na farasitamol a yini, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, a rarrabe. Yawancin magungunan mura suna ɗauke da shi a ciki, a karanta kwali. Idan ana zargin Lassa ko Ebola, a guji asfirin, ibuprofen da diclofenac, suna ƙara zubar jini. Kada kuma a bi maganin WhatsApp. A Agustan 2014 saƙo ya zagaya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa yana kare Ebola, mutane suka tashi cikin dare suna yi, aka kwantar da da yawa a asibiti, wasu suka rasu. A 2020 kuma an kai mutane asibiti a Legas saboda sun ɗirka wa kansu kulorokwin.

Mataki na 6: Ɗakin majinyaci

Zaɓi ɗakin tun kowa yana lafiya, don ranar da cuta ta shigo ba a iya shawara. Wanda ya fi dacewa shi ne mai taga biyu da iska ke ratsawa, nesa da madafa da ɗakin tsofaffi. A gidan gargajiya shagon samari ko ɗakin da ke kusa da zaure ya fi. Masu ɗaki ɗaya su raba da labule, a bar tazarar taku biyu, taga a buɗe dare da rana, majinyaci da mai jinya duka da takunkumi. In ma zai yiwu, mai rauni ne za a fitar zuwa ɗakin maƙwabci, a bar majinyaci a wurinsa.

Majinyaci ya samu kwanonsa, kofinsa, butarsa, tabarmarsa da fo ɗinsa. A bakin ƙofa a ajiye ruwa da sabulu da takalmin roba da ba ya barin wurin.

Haɗin bilic shi ne inda aka fi kuskure. Duba jikin kwalba. Idan an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari, to:

Mai ƙarfi, na amai, kashi, jini da masai: kofi ɗaya na bilic, kofi shida na ruwa. A zuba a kan ƙazantar, a bar shi minti 15 kafin a kwashe.

Mai sauƙi, na wanke hannu idan ba sabulu, da jiƙa tufafi: kofi ɗaya na wancan mai ƙarfin, kofi tara na ruwa.

A haɗa sabo kowace safiya, a rufe, a ajiye a inuwa, domin rana tana kashe ƙarfinsa. A rubuta a jikin kowane bokiti.

Gargaɗi: kada a gauraya bilic da ruwan wanke masai ko wani sinadari, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum. Kada a zuba shi a buta ko gorar ruwan sha, yara ba sa karatu kafin su kurɓa. Wurin cire safar hannu kuma shi ne wurin kamuwa: a cire ta tana juyewa ciki ya koma waje, a wanke hannu nan take, kafin a taɓa fuska ko waya.

Sai dubiya. Wannan ita ce mafi wuya a wurinmu, domin wanda bai zo ba za a ce ba shi da zumunci. A sanar da dangi tun yanzu cewa a irin wannan lokaci dubiya ta waya ce, mai son alheri ya aiko da abinci a ajiye a zaure.

Mataki na 7: Gane irin cutar, da lokacin barin gida

Ba kowace annoba ake tsare wa hanya ɗaya ba. Ta numfashi, irin korona da murar da ke zama annoba, maganinta iska, tazara da takunkumi. Ta ruwa da abinci, irin kwalara, maganinta ruwa mai tsabta, masai da ORS. Ta ruwan jiki, irin Ebola da Lassa, ba a jinyarta a gida sam, abin da aka tanada na riƙe majinyaci ne kafin ma'aikata su iso. Tambayar farko da za ka nemi amsarta a rediyo ita ce ta yaya cutar ke yaɗuwa, ta biyu kwana nawa take ɓoye a jiki. Ebola da Lassa suna kai kwana 21, an killace masu korona kwana 14, kwalara kuwa daga 'yan sa'o'i zuwa kwana biyar.

A tafi asibiti ba jira idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: numfashi da ƙyar, ruɗewa ko barcin da ba a iya tayarwa, jijjiga, sanƙarewar wuya, jini ta hanci, baki ko bayan gida, gudawa kamar ruwan shinkafa, rashin fitsari yini guda, ko yaro ya kasa sha da kama nono. Ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance shiru: 60 ko fiye ga wanda bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara, 40 daga shekara zuwa biyar, duk alamar haɗari ce. Na'urar yatsa in ta nuna 94 zuwa ƙasa a kira ma'aikacin lafiya, in ta kai 90 ko ƙasa a tafi. Takan nuna lamba sama da gaskiya a fata mai duhu, kuma jan farce, baƙin lalle da sanyin yatsa suna ruɗa ta, don haka idan lamba ta yi kyau amma mutum yana haki, a bi hakin.

Kira kafin ka tafi. Lambar kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, ita ce 6232, ta gaggawa ta ƙasa 112. Rubuta su a bango tare da lambar ma'aikacin asibitin unguwa da ta mai adaidaita sahun da ya yarda zai zo ko da dare.

Mataki na 8: Unguwa

Gidan da ya cika rumbu alhali maƙwabta suna kwana da yunwa bai tsira ba, domin yunwa za ta fitar da su, su kuma dawo da cutar layin. Ka je wurin mai unguwa da liman, ko shugaban coci, a zauna mutum biyar zuwa bakwai, a ciki har da mace, ma'aikacin lafiya da wakilin matasa. Aikinsu kaɗan ne: jerin gidajen marayu, zawarawa, tsofaffi da masu ciki, asusun hatsi da masu hali za su zuba wa, mota ɗaya ta kai marasa lafiya, da mutum ɗaya da aka yarda shi ke kawo sanarwa daga hukuma.

A yi maganar makarantun allo tun wuri. A 2020 jihohin Arewa sun yi ta lodin almajirai a motoci suna mayar wa juna, aka kuma samu masu ɗauke da cutar a cikin yaran da aka sauke. Unguwar da ta shirya ciyar da tsangayarta wata guda ta rufe wannan ƙofa.

Mataki na 9: Abin da ke kan gwamnati, da yadda ake nemansa

Akwai abin da ko attajiri ba zai iya yi wa kansa ba: gano cuta da wuri, ɗakunan gwaji, bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da majinyaci, iskar oksijin, cibiyar killacewa, kayan kariyar ma'aikata da alawus ɗinsu, rigakafi, da faɗin gaskiya. An ga amfanin haka a 2014. Patrick Sawyer, wani matafiyi daga Laberiya, ya shigo da Ebola Legas ranar 20 ga Yuli, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, hukuma ta ɗauko tsarin yaƙi da shan inna ta bi sawun mutum kusan 900. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu har da likitar, zuwa 20 ga Oktoba an ayyana ƙasar ta rabu da cutar. An kuma ga akasin haka a Kano a Afrilun 2020, lokacin da masu haƙar kabari suka riga hukuma sanin cewa mace-mace sun yi yawa.

Naka aikin a nan guda uku ne. Na farko, kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka a sashen lafiya. Kwamitin unguwa ya san shi, ya riƙe lambarsa. Mutum biyu ko uku suka mutu da alamu iri ɗaya cikin mako, a kira shi, kada a tsaya cewa lokaci ne ya yi. Na biyu, a shiga kwamitin ci-gaban mazaɓa da ke kula da asibitin sha-ka-tafi. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma wani kaso yana sauka kai tsaye a asusun asibitocin da aka zaɓa. A tambaya ko naku yana ciki, me aka saya. Na uku, a tambayi ɗan majalisar jiha a rubuce: ina cibiyar killacewa, asibiti nawa ke da oksijin, kashi nawa na kasafi aka ba lafiya? Shugabannin Afirka sun yi alkawarin kashi 15 a Abuja tun 2001, kasafin tarayya bai taɓa kaiwa ba.

Rashin yarda da hukuma a nan Arewa yana da tushe. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba ƙage ba ne. Amma dakatar da rigakafin shan inna a 2003 yaranmu ne suka biya kuɗinsa da ƙafafunsu. A yi tambaya, a nemi likitan da aka sani ya yi bayani, sannan a karɓa.

Mataki na 10: Soja da shingen hanya

Sashe na 217 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa damar kiran soja su taimaka wa hukumar farar hula. Inda suke da amfani a fili yake: jigilar magani da oksijin ta sama da ƙasa, kafa asibitin tanti cikin kwanaki, rakiyar ma'aikatan lafiya zuwa yankunan da 'yan bindiga suka hana shiga, da buɗe asibitocinsu irin na 44 da ke Kaduna. Inda ake samun matsala shi ne idan aka ba mai bindiga aikin tsare mai yunwa a gida. A Agustan 2014 an zagaye unguwar West Point ta Monrobiya, babban birnin Laberiya, da sojoji, aka yi harbi, wani yaro ya mutu, bayan kwana goma aka janye ba tare da an tsayar da Ebola ba. A Najeriya Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙirga mutum 18 da jami'an tsaro daban-daban suka kashe a makonni biyun farko na kullen 2020, adadin da ya fi na waɗanda cutar ta kashe a lokacin.

Don haka mai fita ya riƙe katin shaida, katin asibiti ko takardar magani, da takunkumi a fuska. Ya fita da rana, shi kaɗai ko da majinyaci. A shinge ya rage gudu tun daga nesa, da dare ya kunna fitilar cikin mota, hannu a inda ake gani, ya yi sallama ya faɗi inda za shi a taƙaice. In an ce ya koma, ya nemi magana da babbansu cikin ladabi, in an ƙi ya juya ya kira lambar hukuma ko mai unguwa. In an ci zarafinsa, a riƙe wuri, lokaci da lambar mota, a kai ƙara daga baya. Samarin gida a ja musu kunne musamman, su ne ke zuwa kallo.

Mataki na 11: Masallaci da jana'iza

A nemi matsayar malamai tun kafin rana ta ɓaci, domin a Yamai hana sallar jam'i da dokar hana fitar dare sun jawo tarzoma a 2020. Hujja ba ɓoyayya ba ce. Hadisi ya tabbata cewa idan annoba ta sauka a gari kada a shiga, wanda ke ciki kada ya fita, kuma Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda ita. Wannan ya shafi mai shirin kwashe iyali zuwa ƙauye bayan cuta ta ɓulla: tsofaffin can zai kai wa, inda ba asibiti.

Gawar mai Ebola, Lassa ko kwalara tana yaɗa cuta sosai, kuma wankan gawa ya kashe mutane da yawa a Gini, Laberiya da Saliyo. A irin wannan ba dangi ke wanka ba, ma'aikata masu kayan kariya ake kira. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da malamai ya tanadi taimama a madadin wanka, da likkafani, da sallah daga ɗan nesa, da fuskantar da mamaci alƙibla. Dangi suna da haƙƙin su tsaya su gani, su kuma san kabarin. Kwamitin unguwa ya sa a horar da masu wankan gawa, maza da mata, a ba su safar hannu da takunkumi. Zaman makoki a taƙaita shi, a ɗauke buta da kofin da kowa ke sha, gaisuwa ba musabaha.

Mataki na 12: Ranar da aka yi sanarwa

Kulle ba ya ba da dogon wa'adi. Na Legas, Ogun da Abuja an sanar da shi ranar 29 ga Maris 2020, ya fara aiki a Legas da Abuja daren washegari. Na Kano ya fara 16 ga Afrilu, mako guda kafin azumi. Idan ka ji an tabbatar da cutar a ƙasar, kada ka jira ta iso jiharku. A ranar, bi wannan jeri: cika duk mazubin ruwa, karɓo maganin masu ciwon kullum, ciro kuɗi, cika gas ko gawayi, kai niƙa, sayo albasa, dankali da ƙwai, sa kati a waya ka caja komai. Ɗalibai da 'yan ci-rani su dawo a wannan rana ko su zauna inda suke. Wanda ya dawo daga garin da cutar take ya shiga ɗakin da aka ware, ya cika kwanakin da hukuma ta faɗa, ko da yana jin garau.

Gargaɗi: ranar da aka sassauta kulle don awo ita ce mafi haɗari. A Kano an buɗe Litinin da Alhamis na 'yan sa'o'i, gari duka ya afka kasuwa lokaci guda. Wanda ya bi matakan nan ba ya buƙatar shiga wannan turmutsutsu. In fitar ta zama dole, mai fita ya je ƙaramin shagon unguwa da zarar an buɗe, ya dawo ya wanke hannu a zaure, ya sauya riga kafin ya shiga wurin yara da tsofaffi.